Tirelar Keke Ta Ɗaukar Yara: Abin Da Take Karewa Da Abin Da Ba Ta Karewa

A biranen Jamus da Ostiriya da ƙasashen arewacin Turai, da kuma garuruwa da dama a Amurka da Kanada, ido ya saba ganin uwa ko uba a kan keke da sassafe, wata 'yar rumfa mai taya biyu tana biye a baya, a cikinta yaro ɗaya ko biyu ana kai su makarantar reno. Wannan ita ce tirelar keke ta ɗaukar yara, kuma ba sabon abu ba ce. Kamfanin Burley na jihar Oregon yana ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Chariot na Kanada ya yi suna a kanta har kamfanin Thule na Suwidin ya saye shi a shekarar 2011. A Jamus akwai Croozer da Qeridoo, a Norwe kuma akwai Hamax. Wanda ya je saye a yau zai tarar farashi ya faro daga ƙasa da Yuro 200 har ya haura Yuro 1,000, kuma zai tarar mai shago ya fi zaƙewa wajen nuna masa yadda ake naɗe ta a sa a bayan mota, ko yadda ake maƙala mata ƙaramar taya a gaba ta koma keken tura jariri. Waɗannan abubuwa suna da amfaninsu, amma ba su ne ke tsare ran yaro ba. Abubuwan da ke tsare shi kaɗan ne, ba su da ɗaukar ido, kuma yawancinsu sai mutum ya durƙusa ya taɓa da hannunsa kafin ya san ingancinsu.

Kafin a zo gare su, ya kamata a san irin haɗarin da tirela take magancewa, domin ba kowane haɗari ba ne. Yaron da aka ɗora a kujerar bayan keke yana zaune ne kimanin mita ɗaya daga ƙasa, nauyinsa duka yana sama, ta yadda duk motsin da ya yi sai mai tuƙi ya ji shi a hannunsa. Idan keken ya faɗi, yaron zai faɗi tare da shi daga wannan tsayin, kuma sau da yawa ba a cikin gudu abin yake faruwa ba, a tsaye yake faruwa, lokacin da ake ɗora yaron ko sauke shi, ko lokacin da aka jingine keken aka juya don ɗauko jaka. A tirela kuwa mazaunin yaro bai kai gwiwar babban mutum tsayi ba, taya biyu ne ke riƙe da shi, kuma ƙarafa sun kewaye shi ta sama da gefe. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000, wanda ya bi bayanan sassan gaggawa na wasu asibitoci daga 1990 zuwa 1998, ya sami yara 49 da suka ji rauni ta waɗannan hanyoyi biyu, 43 a kujerar keke, 6 a tirela. Bai kamata a ɗora wa wannan adadi nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, domin ƙidayar raunuka ce kawai, ba ta nuna yawan yaran da aka ɗauka ta kowace hanya ba. Sai dai ya yi daidai da abin da hankali zai ɗauka, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ma ta fifita tirela a kan kujera ga iyayen da za su ɗauki yaro a keke.

A cikin waɗancan yara shida da suka ji rauni a tirela, biyu mota ce ta shiga lamarinsu, kuma a nan ne iyakar kariyar take. Kusancin nan da ƙasa da ya hana yaro mummunar faɗuwa shi ne ya ajiye shi daidai da gaban mota da bututun hayaƙinta, kuma shi ne yake ɓoye shi daga idon direban da ke fitowa daga lungu ko yake ja da baya. Direba yakan ga mai keke ya wuce, ya ɗauka hanya ta buɗe, alhali akwai sauran abu mai tsawon fiye da mita ɗaya yana biye. Saboda haka ne ake kafa mata doguwar sanda mai tuta mai launi mai haske, kuma a Ostiriya doka ce ta wajabta wannan tuta a kan tirelar yara. Firam ɗin alminiyon yana iya jure kifewa da ƙaramin karo, amma babu tirelar da aka ƙera don ta tare motar da ke gudu. A ganina tambayar farko da ya kamata iyaye su yi wa kansu ita ce wace hanya za su riƙa bi kowace rana, domin tirela mai matsakaicin farashi a kan hanyar keke da aka raba da ta motoci ta fi mai tsada a kan babban titi aminci nesa ba kusa ba.

Idan hanya ta yi, abu na farko da za a duba a jikin tirelar shi ne mahaɗinta da keke. Wata sanda ce mai lanƙwasa take fitowa daga gaban tirelar ta zo ta kama ƙarfen tsakiyar tayar baya, wato aksul, ta ɓangaren hagu. A wurin haɗuwar akwai gaɓa, wadda a wasu kamfanonin dunƙulen roba ne mai tauri, a wasu kuma sifirin ne ko ƙwallon da ke juyawa a cikin mazauninsa, kuma aikinta shi ne ta bar keke ya karkata ko ma ya kwanta a ƙasa ba tare da ya murɗe tirelar ya kifar da ita ba. Duk fifikon da tirela take da shi a kan kujera a wannan 'yar gaɓa yake rataye. Gwada ta ba shi da wuya: a haɗa tirelar da keke a cikin shago, a kwantar da keken a hankali ta hagu, sannan ta dama, a ga ko tayoyin tirelar biyu sun ci gaba da zama a ƙasa. Idan ɗaya ta ɗaga sama sosai, to ranar da mai tuƙi ya zame a kan laima yara ma za su kife tare da shi. Bayan gaɓar akwai wani ɗan gajeren maɗauri da ake zagaya wa ƙarfen keken a maƙale, wanda shi zai riƙe tirelar idan mahaɗin ya kwance ko ya karye. Mutane da yawa sukan bar shi yana lilo saboda gaggawar safiya, alhali shi kaɗai ne ya raba ƙaramar matsala da tirelar da ta ɓalle tana gangarawa ita kaɗai da yara a ciki.

Abin da ya fi rikita masu saye a nan shi ne kekuna ba iri ɗaya ba ne ta wajen aksul. Akwai tsohon yayi da ake ɗaurewa da noti, akwai mai siririn ƙarfe da ɗan hannu da ake lanƙwasawa a cire taya ba tare da sifana ba, akwai kuma na zamani mai kauri milimita 12 da ke ratsa firam ɗin ya ɗauru a cikinsa. Na farko da na biyu yawanci suna karɓar mahaɗin da ya zo a cikin kwali. Na ukun kuwa sai an sayi wani aksul na musamman, kuma dole tsawonsa da tazarar zarensa su yi daidai da na keken, domin akwai mai tazarar milimita 1, da 1.5, da 1.75, kuma wanda aka tura da ƙarfi a inda ba nasa ba zai cinye zaren firam ɗin. Kekuna masu giya a cikin cibiyar taya, da masu injin lantarki a tayar baya, su ma sukan buƙaci nasu abin haɗi. Wasu tireloli masu araha sun kauce wa wannan duka ta hanyar matse ƙarfen keken da wani abu mai kama da awartaki, kuma irin wannan ina ganin a guje shi, saboda yana iya zamewa ya shiga cikin wayoyin taya, ko ya lotsa ƙarfe marar kauri. Mai keken da aka yi firam ɗinsa da kabon, wato wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, ko mai keken lantarki, wajibi ne ya duba takardar kamfanin kekensa ya ga ko an yarda a ja tirela da shi, da kuma iyakar nauyin da aka yarda. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi shago da keken kansa, a haɗa a gani kafin a biya kuɗi.

Abu na biyu shi ne sararin da ke tsakanin kan yaro da ƙarafan sama. Turai tana da ma'aunin inganci na tirelolin keke mai lamba EN 15918, Amurka kuma tana da ASTM F1975, kuma tirelar da ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu ba ta cancanci a sa yaro a ciki ba. Daga cikin abin da ake gwadawa akwai kifewa: idan tirela ta juye ƙasanta ya koma sama, yaron zai rataye ne a jikin bel, kuma dole ƙarafan rumfar su tsaya da ƙarfinsu, a kuma sami tazara tsakanin kansa da titi. A shekarar 2024 cibiyar gwajin kayayyaki ta Jamus, Stiftung Warentest, ta gwada tireloli 10, kuma babu ko ɗaya da ta tsallake. Babban dalilin shi ne wasu sinadarai dangin PFAS da aka samu a jikin yadinsu, waɗanda ake sa wa don ruwa ya zame, amma wasu daga cikin tirelolin sun gaza ne har a wannan gwaji na kifewa, inda sararin kai bai wadatar ba. Batun sinadaran ya fi shafar muhalli da lafiya ta tsawon lokaci, kuma abin lura ne cewa masu tsada ma ba su tsira ba, amma batun sararin kai shi ne wanda iyaye za su iya aunawa da kansu. A zaunar da yaron da hular kwanonsa a kai, a ɗaure shi, a duba ko hular tana ƙasa da layin ƙarafan sama da tazara mai kyau. Kamfanoni sukan rubuta iyakar tsayin yaro, yawanci tsakanin santimita 110 da 120, sai dai yara biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a zaune, domin wani ƙafa ce ta yi masa tsawo, wani kuma gangar jiki.

Ita kanta hular tana da nata sharaɗin a cikin tirela. Wadda bayanta ya yi tsini tana tokare jingina ta tura kan yaro gaba, haɓarsa ta sauka a kan ƙirji, musamman idan barci ya ɗauke shi, kuma yara kan yi barci a tirela fiye da yadda ake zato. Don haka a nemi hula mai shafaffen baya, a kuma nemi tirelar da aka bar wa jinginarta ɗan rami ko raga mai sassauci daidai wurin kai. Dokoki sun bambanta: a Ostiriya da Faransa wajibi ne yaron da bai kai shekara 12 ba ya sa hula ko da fasinja ne, a Jamus da Holan kuwa babu tilas. Rashin tilas ɗin bai kamata ya sa a bar ta ba, domin a lokacin kifewa kan yaro yana iya bugun ƙarfen gefe ko kan ɗan'uwansa da ke kusa da shi.

Bel kuwa a tabbatar mai maɗauri biyar ne, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin cinyoyi, kuma a tabbatar ana iya ɗaga na kafaɗun yayin da yaro ke girma. Maɓallinsa ya zama wanda babba zai buɗe da hannu ɗaya amma ɗan shekara biyu ba zai iya ba. Mazaunin ma a danna shi a gani: wanda yadi ne kawai aka shimfiɗa yakan lotsa a tsakiya, yara biyu su gangaro su matse juna, wanda hakan ke kawo faɗa da kuka, kukan kuma ya sa mai tuƙi waiwaye a inda bai kamata ba.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce ta jarirai, kuma a nan ne Amurka da Turai suka rabu. Likitocin yara na Amurka sun ce kada a ɗauki yaron da bai cika wata 12 ba a keke, kuma jihar New York ta mai da wannan doka. Hujjarsu ita ce kan jariri yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, tsokar wuyansa ba ta yi ƙwarin riƙe shi a kan hanya mai gargada ba, balle a ƙara masa nauyin hula. A Jamus kuwa doka ba ta sa mafi ƙarancin shekaru ba, kuma ana sayar da wani ɗan mazauni mai kama da raga da ake ratayawa a cikin tirela, jariri ya kishingiɗa a ciki tun yana da kimanin wata ɗaya har zuwa wata goma. Sai dai wanda ya karanta takardun da ke zuwa da irin wannan mazauni zai ga wasu kamfanonin sun rubuta ƙarara cewa na tafiyar ƙafa ne, wato lokacin da ake tura tirelar da hannu, ba na ja da keke ba. Matsalar ba ta tsaya ga haɗari ba, har da girgizar yau da kullum: mai keke yana ganin rami ya ɗaga jikinsa, gwiwoyinsa su shanye bugun, amma wanda ke kwance a bisa aksul ɗin tirela kai tsaye yake karɓar kowane bugu, kuma jariri ba zai iya cewa ya ji zafi ba sai dai ya yi kuka ko ya yi shiru. Ni dai ina tare da masu cewa a jira shekara ta cika, a yi amfani da tirelar a matsayin keken turawa kafin nan. Iyalin da ba su da wata hanyar zirga-zirga sai keke, kuma akwai su da yawa a biranen Turai, su nemi shawarar likitan yaronsu, su tsaya ga shimfiɗaɗɗiyar hanya da tafiyar sannu da gajeren zango. Dabarar da wasu ke yi ta ɗaure kujerar jariri ta mota a cikin tirela da igiya ba abin koyi ba ce, domin tana ɗaga nauyi sama kuma ba a gwada tirelar a haka ba.

Wannan girgiza ita ce ta sa bambancin farashi yake da ma'ana a wuri ɗaya aƙalla. Tireloli masu kyau suna da taya mai inci 20 da sifirin da ke shanye bugu, wasu ma ana iya daidaita taurinsa gwargwadon nauyin yaran, masu araha kuwa sukan zo da taya mai inci 16 ba tare da sifirin ba. Babbar taya ta fi haye ƙananan ramuka cikin laushi. Wanda hanyarsa ta ƙunshi titin da aka shimfiɗa da duwatsu, irin na tsofaffin unguwannin Turai, ko hanyar tsakuwa, kuɗin sifirin ba asara ba ne. Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi, wato a rage wa tayoyin tirelar iska kaɗan, ba tare da sauka ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsu ba, domin taya mai tauri kamar yadda ake so a keken tsere duka kawai take ƙara wa yaro.

Zaɓi tsakanin mai mazauni ɗaya da mai biyu ba lissafin yawan yara kaɗai ba ne. Mai ɗaya faɗinta yakan kai santimita 65 zuwa 70, mai biyu kuma kimanin 80 ko sama da haka, kuma wannan ɗan bambanci shi ke yanke hukuncin ko za ta shiga ƙofar gida, ko lif, ko tsakanin turakun da ake kafawa a bakin hanyoyin keke. Faɗin yana da alaƙa da kifewa ta fuska biyu. Mai faɗi ta fi zama daram, amma ta fi saurin taɓa abin da ke gefe. Yawancin kifewar tirela ba daga karo take zuwa ba, daga kwana take zuwa: tayoyinta ba sa bin sawun keke, suna yanke kwana ta ciki kamar yadda tayoyin bayan doguwar mota ke yi, sai tayar ciki ta hau dakalin gefen titi ko ta bugi wani tudu, idan kuma da gudu sai ta ɗaga ta juye. Maganin shi ne a buɗe kwana fiye da yadda aka saba, a kuma rage gudu kafin a shiga. Idan yaro ɗaya ne a cikin mai mazauni biyu, a zaunar da shi a inda takardar kamfanin ta ce, kaya masu nauyi kuma a ajiye su ƙasa kusa da aksul, kada a lafta su can baya inda za su ɗaga sandar ja su rage wa tayar bayan keke kamun ƙasa.

Sai batun tsayawa, wanda a ganina shi ne iyaye suka fi rainawa. Tirela mai mazauni biyu takan yi kilo 12 zuwa 16 ita kaɗai, kuma yawancinsu an yarda su ɗauki kilo 45, wato kusan kilo 60 ke nan a bayan keke, kuma galibinsu ba su da birkin da ke aiki a cikin tafiya, sai na ajiyewa. Idan mai tuƙi da kekensa sun yi kilo 85, nauyin da birkinsa zai tsayar ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100, alhali tayoyin da ke kama ƙasa don tsayawa biyun nan ne dai. A gangara tirela tana turo keken daga baya, idan kuma aka taka birki a tsakiyar kwana tana iya ture tayar baya gefe. Kamfanoni sun sa iyakar gudu a wajen kilomita 25 a awa a kan miƙaƙƙiyar hanya, a kwana kuma abin da bai wuce saurin mai sassarfa ba. Tazarar tsayawa tana ninkuwa ne fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, ta yadda mai tafiyar kilomita 25 yake buƙatar kusan ninki uku na filin da mai kilomita 15 yake buƙata. Keken lantarki ya sa wannan ya ƙara muhimmanci, domin injin yana ɓoye nauyin a lokacin hawa, mutum ya manta da shi sai lokacin birki. A Jamus an yarda a ja yara da keken lantarkin da injinsa ke yankewa a kilomita 25, amma an hana da wanda ke kai wa 45. Kafin a sa yaro a karon farko, yana da kyau a ɗora buhu mai nauyinsa a je fili a gwada kwana da birki har hannu ya saba.

Dokar hanya ta Jamus, wadda masu zama a can ya kamata su sani, ta ce mai jan tirela ya kai shekara 16, yaran kuma kada su wuce biyu, kuma su kasance ba su cika shekara bakwai ba, sai dai yaro mai naƙasa wanda iyakar shekarun ba ta shafe shi ba. Tun daga 2018 kuma, sabuwar tirelar da faɗinta ya wuce santimita 60 dole ta kasance da abubuwan ƙyalli masu mayar da haske, farare a gaba jajaye a baya, da jar fitila a bayanta, saboda jikinta yana tare fitilar keken. Ba kowace ce ke zuwa da fitilar a cikin kwali ba, sai a tambaya.

Rufin gaba hawa biyu ne, raga da kuma leda mai haske ta ruwan sama. Ragar a rufe take zama kullum, ko da rana ta yi kyau, domin tayar bayan keke tana watso tsakuwa da yashi daidai fuskar yaro, kuma ita ce ke hana ƙaramin hannu leƙowa waje. Dogon madigadi a tayar baya yana rage wannan watsi sosai. Wani bincike na Jami'ar Surrey da ke Ingila ya nuna yaran da ke cikin tirela suna shaƙar gurɓatacciyar iskar titi fiye da babban da ke jan su, kuma rufi yana rage ta. Amma ledar tana da nata haɗarin, domin idan aka rufe ta cikin rana zafi yana taruwa a ciki da sauri, mai tuƙi kuma iska tana kaɗa shi bai san halin da ake ciki a baya ba. Da hunturu abin juyewa yake yi: babba yana gumi saboda taka feda, yaro yana zaune sanyi yana ratsa shi ta ƙasa. Saboda haka a zaɓi wadda take da kafofin iska a gefe da baya, da inuwar rana da ake iya saukewa, a kuma riƙa tsayawa ana taɓa wuyan yaron a ji.

Wannan ya shafi duk wanda ya ga tirela a Turai ya yi sha'awar kawo ta gida, ko ya tsince ta cikin kayan gwanjo. An tsara ta ne don ƙasashe masu sanyi da hanyoyin keke na musamman. A Sakkwato ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, rumfa mai leda da tsakar rana ba wurin zaman yaro ba ne, kuma a kan titin da babura da a-daidaita-sahu da manyan motoci ke rububin wuri ɗaya, abu mai faɗin santimita 80 da direbobi ba su saba gani ba yana cikin haɗarin da ƙarafansa ba za su iya tarewa ba. A cikin harabar jami'a, ko rukunin gidaje mai shinge, da safe ko da yamma, tana iya yin amfani ƙwarai, kuma ta fi ɗora yaro a kan kariyar keke ƙafafunsa suna lilo kusa da wayoyin taya.

Sayen ta hannu abu ne da ya zama ruwan dare a Turai, tunda kowane iyali 'yan shekaru kawai yake amfani da ita, kuma babu laifi a ciki idan an duba da kyau. Rana tana cinye ƙarfin yadi da na bel tun kafin ido ya ga yagewa, don haka duk maɗaurin da ya koɗe ko ya yi kaushi a ɗauka ya gaji. A juya tirelar a duba ƙasanta, inda yadi ke gogar tudu ya huje ƙafar yaro ta iya zurawa. A duba sandar ja da gaɓar roba ko akwai tsaga, a ja kowace taya waje da ƙarfi a ga ko makullinta ya kama, a kuma tambayi mai ita kai tsaye ko ta taɓa kifewa ko yin karo, domin alminiyon da ya lanƙwashe aka miƙe shi ba ya komawa ƙarfinsa na da. Sanannun kamfanoni suna sayar da mahaɗi da bel da rufi daban-daban, kuma suna sanar da jama'a idan sun janye wani samfuri saboda aibi, don haka a ɗauki lambar da ke jikin firam a duba a shafinsu na intanet kafin a biya. Wadda babu sunan kamfani ko lamba a jikinta, babu hanyar sanin nauyin da aka gwada ta da shi, kuma babu inda za a sami sabuwar gaɓa ranar da tsohuwar ta tsage.